Ƙarfen da Aka Kafa a Gadar Corrabeg

Alhamis, 17 ga Janairu, da yamma

Na tura wayata ƙarƙashin filo don in daina kallonta, shi ya sa nake rubutu a nan. Hannuna har ya manta biro. Rabona da dogon rubutu tun da na bar makaranta na kama gyaran gashi.

Shekaranjiya majalisar Landan ta yi watsi da yarjejeniyar fita daga Tarayyar Turai. Ni da Mama muna kallo muna cin dankali. Wani ɗan majalisa mai jan wuya ya ce iyakar Ireland ba matsala ba ce, ba sai an dawo da shingen bincike ba, kyamara kawai za a kafa. Mama ta nuna talabijin da cokali ta ce, "Zo ka kafa da hannunka, ɗan nema."

To jiya da safe zan tsallaka iyaka daga Arewarmu da ke ƙarƙashin Landan zuwa Kudu, Jamhuriyar Ireland, in yi wa wata amarya gashi, ina hawa gadarmu sai ga wani dogon ƙarfe sabo fil kamar falwaya, da akwati a sama mai ido ɗaya. Ga farar mota a gefe, ga mutum kan tsani ya ba ni baya. Na ce kyamarar ce. Na tsaya na ɗauki hoto na sa a Fesbuk na rubuta, "To ga shi sun fara." Shi ke nan abin da na rubuta fa.

Kafin in gama da amarya hoton ya zaga duniya. Ba zan yi ƙarya ba, da farko daɗi na ji, ni da in na sa hoton gashi daga Clodagh ƙawata sai wata 'yar'uwarmu da ke Australia suke yabawa. Yau har ɗan jarida ya neme ni daga Dublin.

Amma ɗazu wani mara hoton fuska ya rubuta a ƙasa, "Lambar motar ta fito sarai. Mun gode, Bronagh."

Ban san shi ba. Me ya sa zai gode min?

Juma'a, 18 ga wata, bayan na dawo

Wayyo Allah.

Duk Juma'a ina zuwa gonar Misis Beacom in wanke mata kai in naɗe mata gashi. Shekara uku ke nan. Su Furotesta ne, mu Katolika, kuma ita ta zaɓi a fita daga Tarayyar Turai, ni na zaɓi a zauna, amma ba mu taɓa faɗa ba sai a kan rini, ina so ta gwada ruwan zuma tana cewa ta tsufa da iyayi. Kullum sai ta ajiye min burodin da ta gasa.

Ina shiga tsakar gida na ga farar motar. Ban ma duba lambar ba, na riga na haddace ta.

Kanta na cikin ruwa ta ce, "Kin ga motar ɗana Alwyn? Ya samu sabon aiki, 'yar nan. Na'urar auna ruwan kogi suke kafawa, in ruwa ya taso ta aika saƙo kafin ya shiga ɗakunan mutane. Ta gadarku ma shi ya kafa. Na ce masa yanzu ko Katolika sai sun gode maka."

Ta yi dariya. Ni ma na yi. Sabulu ya shiga idonta ban ma lura ba sai da ta ce, "Yau ina hankalinki?"

Ba ta da waya irin tamu, ta bango ce da ita. Ba ta gani ba.

Asabar, da safe

Na goge hoton. Clodagh ta ce kin makara, mutane sun kwafa, yana ko'ina.

Lahadi, 20 ga wata, da rana

Jiya bom ya tashi a cikin mota a Derry. Ba wanda ya mutu, an ce. Mama ta kashe rediyo ta hau goge murhun da ta riga ta goge.

A bakin coci mutane sai tare ni suke. "Idonki a buɗe yake, yarinya." Wani dattijo har ya riƙe hannuna. Na ce ai ba kyamara ba ce, ta ruwa ce. Ya kashe min ido ya ce, "Eh mana, ta ruwa. Haka za su ce."

Talata, da safe

An sare ƙarfen. An ƙone akwatin an jefa a kogi. Na wuce ta wurin ban tsaya ba, warin roba har cikin mota.

Ban ɗauki hoto ba.

Laraba, 23 ga wata, da yamma

Na je yi wa Clodagh rini, babanta yana kicin da takalmin gona, kuma shi in ya fara ba ya tsayawa. Madarar shanunsa Kudu ake kai ta kullum. Ya ce gara a karɓi yarjejeniyar nan ko da ba ta da kyau, in ba haka ba madararsa sai ta nemi fasfo, kafin a buga mata hatimi ta zama cuku. Clodagh ta ce a'a, a bar su su faɗa rami, in abin ya lalace ai shi ne Arewa da Kudu za su haɗe da wuri.

Ya ce, "Ke da aka haifa bayan an cire shinge, me kika sani? Kin taɓa tsayawa a ruwan sama soja yana zazzage jakar uwarki?"

Ta ce, "To Baba ai shi ya sa aka sare ƙarfen."

Ya kalle ni ta madubi ya ce, "Ɗan Beacom ne, an ce."

Na ce ban sani ba. Ya ce, "Hmm." Ya fita wurin shanu.

Ni duk wannan sharaɗin iyaka da suke ta faɗa a kai a Landan ban gane rabinsa ba. Na karanta a waya har kaina ya yi ciwo. Abin da na gane shi ne ba ɗayansu da ya san ana wanke kai a gefe ɗaya a busar a ɗaya gefen.

Alhamis, da rana

Na rubuta gyara. Na ce na yi kuskure, na'urar ruwa ce, mutumin aikinsa kawai yake, don Allah a yaɗa kamar yadda aka yaɗa na farko.

Ba a yaɗa ba. Clodagh ta yaɗa, da 'yar'uwar nan ta Australia.

Wani ya rubuta, "Nawa suka ba ki?" Wani ya ce, "'Yar ƙanwar Malachy McGurn ce ke wanke wa Beacom kai, Allah ya kyauta." Sun san kawuna, sun san inda nake zuwa ranar Juma'a.

Juma'a, 25 ga wata, da yamma

Na je. Na so in ce mura nake amma na je.

Na tarar da Alwyn a durƙushe yana leƙen ƙarƙashin motarsa da tocila ko an dasa masa bom, da rana tsaka. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, mara magana, da can iyakarmu sannu sannu. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa.

Ya ce, "Ke ce. Na ji tsayawar mota a bayana, na juyo na ga taki. Har na ɗaga miki hannu, kin riga kin wuce."

Na fara ba shi haƙuri, kuka ya zo, ya ce, "Ba a nan ba, Mama tana taga."

Ya ce 'yan sanda sun zo ranar Laraba sun gaya masa an samu labarin ana neman ransa. Ba su ce su waye ba. Ba sai sun ce ba, kowa ya san masu bindigar ɓangarenmu ne da suka ƙi sulhu. An dakatar da shi daga aiki sai abin ya lafa. 'Yarsa da take zuwa masa duk ƙarshen mako, uwarta ta ce ba za ta ƙara turo ta ba. Akwai ɗan'uwansu a Scotland da ya ce ya taho, amma tsohuwa ta ce ba inda za ta, ba ta tashi a lokacin rikicin Katolika da Furotesta ba, ba yanzu za ta tashi ba. Shi kuma ba zai bar ta ita kaɗai ba.

Ya ce, "Kin san abin dariya? Ni ma fita na zaɓa. Na ɗauka maganar kifi da kuɗi ce."

Na shiga wurin Misis Beacom. Ta zauna na wanke na naɗe. Hoton mijinta yana nan kan bango da kayan 'yan sanda inda yake kullum, yau ne dai na kasa juya masa baya. Kowa ya san a ƙofar garejin nan aka kashe shi, tun kafin a haife ni. Da zan tafi ta ce, "Yadda ya durƙusa ɗin nan, haka ubansa yake yi kowace safiya. Har gwiwar da yake fara sawa."

Ta ba ni burodi. Yana mota har yanzu, na kasa shigo da shi.

Asabar

Ban taɓa waya ba yau.

Asabar, da yamma

Na taɓa. Sun sa sunan gonar.

Lahadi, 27 ga wata, bayan coci

Na faɗa wa Mama duka. Ta san hoton, ba ta san motar waye ba. Na zaci za ta yi min ihu, da ta yi ma da na ji sauƙi. Sai ta zauna ta ce, "Hazel Beacom ce ta kawo min miya ranar da aka binne ubanki. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, amma ta kawo."

Ta ce, "Sa rigarki. Gidan kawunki za mu."

Kawu Malachy yayan Mama ne. Tumaki yake kiwo a bayan tudu, shi kaɗai. Akwai shekara goma sha ɗaya da a gidanmu ake ce musu "lokacin da Kawu ba ya nan." Ba a tambaya. Ni tun ina ƙarama abin da na sani shi ne in ya shiga shago maza suna matsawa, kuma shi ya koya min tuƙi. Shekarun nan nasa da garejin Misis Beacom ban taɓa haɗa su a kaina ba, kuma ba yau zan fara ba.

Yana gyara shinge muka same shi. Ya ce, "A'a, 'yar jarida ce da kanta. Yau wa za a ɗauka, ni ko tumaki?"

Mama ta ce, "Ba wasa ya kawo mu ba. Ka yi wa masu neman ran Alwyn magana."

Ya ce, "Wa? Yaran yanzu ba su san ni ba, sunana kawai suka sani. Ni da na goyi bayan sulhu, rabinsu maci amana suke ce min. Kina so in je in ƙwanƙwasa ƙofar wa?"

"Ka san ƙofar."

"Ban sani ba, Dympna. Kuma ban son in sani."

Mama ta ce, "Malachy, duk wata sai na hau mota biyu na kai maka safa da taba kurkuku, ana laluba ni kamar ɓarauniya, ban taɓa ce maka ka biya ni ba. In wani abu ya sami yaron nan, wannan," ta nuna ni, "ita za ta ɗauka har ta mutu. Kai ka san nauyin."

Ya ci gaba da buga ƙusa har muka shiga mota.

Talata, 29 ga wata, da yamma

Sun sake ƙuri'a a Landan, wai yanzu a koma a canza sharaɗin iyaka da wata dabara. Wace dabara? Ba wanda ya faɗa. Na ji kalmar kyamara na tashi na bar ɗakin.

Duk motar da ta rage gudu a ƙofarmu sai na leƙa ta taga. Ni da ba ni ake nema ba. To shi fa?

Laraba

An yi rubutu da fenti a bangon gada. Sunansa ne. Sauran ba zan rubuta ba.

Alhamis, 31 ga wata

Mata biyu sun ce kar in zo musu wannan makon. Ɗaya Katolika, ɗaya Furotesta. Ko ba komai na haɗa kan ƙasa.

Ba abin dariya ba ne. Ban san me ya sa na rubuta haka ba.

Asabar, 2 ga Fabrairu, da safe

Kawu ya zo tun ban gama shayi ba. Bai zauna ba, bai cire hula ba.

Ya ce, "Magana ba za ta yi ba. In na aika saƙo za a ce tsoho ya ji tsoro. Sai dai a gani."

Ga abin da ya ce. Ranar Alhamis, ranar kasuwar shanu da kowa yake gari, Alwyn ya zo ya ɗauke shi a farar motar. Shi zai zauna a gaba, gilashi a sauke. Su bi ta tsakiyar gari a hankali, su je gada, Alwyn ya hau ya kafa sabuwar na'ura, shi kuma ya riƙe masa tsani. A nan garin ai ba a karanta sanarwa, mota ake karantawa, wa ke cikin ta wa, ta wa ke ƙofar wa.

Mama ta ce, "In kuma suka juyo kanka fa?"

Ya ce, "To sun juyo." Ya kalle ni. "Ke za ki kai saƙon. Ni ba zan taka tsakar gidan Beacom ba, kuma ba za a so in taka ba."

Ya faɗi haka ne yana kallon ƙasa.

Litinin, 4 ga wata, da yamma

Na kai. A kicin, su biyu suna zaune, ni a tsaye kamar ɗaliba.

Alwyn ya ce, "Shi? A motata?" Fuskarsa ta yi fari, sai kuma ta yi ja. "Kin san abin da kike faɗa kuwa? A gabanta?"

Na ce ban san komai ba, abin da aka aiko ni ke nan. Kuma gaskiya ce, ban sani ba, ba wanda ya taɓa faɗa min, ina ta maimaita wa kaina haka tun a hanya.

Ya ce gara ya tafi Scotland. Ya ce gara a harbe shi. Misis Beacom tana ta juya cokali a kofin da ba shayi a ciki.

Can ta ce, "Za ka ɗauke shi."

"Mama."

"Na binne ɗaya, Alwyn. Ba sai ka yi masa magana ba. Kujera ce kawai, in kun dawo ka wanke ta."

Ta juyo wurina. "Ke kuma, 'yar nan, tun Lahadin farko matar fastonmu ta nuna min hoton da sunanki a sama. Ina ta jira in ga ko za ki daina zuwa."

Laraba

Kamfanin sun yarda sun ba shi wata na'urar da sabon ƙarfe, ban san me ya ce musu ba. Na kasa cin abinci. Mama ta kunna kyandir a coci har uku, ba ta ce na su waye ba.

Alhamis, 7 ga wata, da yamma

Dole in rubuta wannan.

Na bi su a baya da motata. Kawu ya sa kwat ɗinsa na zuwa jana'iza. Ya shiga gaba ya sauke gilashi ya ɗora gwiwar hannu a waje, ga sanyi. Ta gilashin baya ina ganin kawunansu biyu, ko sau ɗaya ba wanda ya juya wurin ɗan'uwansa.

A bakin kasuwa mutane suka daina ciniki. Baban Clodagh yana riƙe da igiyar maraƙi ya saki baki. Shanu suna ta kuka.

A gada Alwyn ya kafa sabon ƙarfen ya jingina tsani dab da rubutun fentin ya hau. Kawu ya riƙe da hannu biyu. Na ciro waya, ban ma san na ciro ba, ya ce ba tare da ya kalle ni ba, "Mayar da ita. Wanda ya kamata ya gani zai gani."

Sai wata baƙar mota ta zo daga Kudu ta tsaya a ƙarshen gadar, inji a kunne. Samari uku a ciki. Na san yayar ɗaya, ni na yi mata gashin aure. Alwyn ya gan su daga sama, na ji ƙusa ta faɗo masa ta buga ƙarfe ta faɗa ruwa. Na fara addu'a na manta tsakiyarta.

Kawu bai saki tsanin ba. Ya dube su, sai ya ɗaga yatsa ɗaya daga jikin tsanin, irin gaisuwar da muke yi wa juna a hanya daga kan sitiyari. Ya bar shi a ɗage.

Ban san tsawon lokacin ba. Na ji kamar na tsufa a wurin.

Sai direban ya ɗaga nasa yatsan daga sitiyari. Kaɗan. Suka ja suka wuce ta gefenmu a hankali, ba wanda ya kalli kowa.

Kawu ya ce wa sama, "Ƙarasa aikinka, sanyi nake ji." Ita ce kaɗai maganar da ya yi masa duk ranar.

Juma'a, 8 ga wata, da yamma

Ƙarfen yana nan da safe. Wani ya shafe rubutun da farin fenti, ba mu ba ne. Kawu ya ce wannan ba alkawari ba ne, ɗaga ƙafa ne kawai, Alwyn ya ci gaba da duba ƙarƙashin mota. A Landan har yanzu faɗa suke, ranar fita kuma tana matsowa. Ina jin tsoro har yanzu. Ina ganin haka za a yi ta zama.

Na je na wanke wa Misis Beacom kai. Tana ƙarƙashin tawul ta ce, "Ki kai wa kawunki saƙo."

Na ce to.

"Ki ce masa na ji abin da ya yi. Kar ki ce na gode. Kar ki ƙara komai naki, na san bakinki. Ki ce na ji, shi ke nan."

Daga can na wuce bayan tudu. Yana zuba wa tumaki abinci. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba, duk da bakina yana ƙaiƙayi.

Ya ce, "Haka ta ce?"

Na ce haka ta ce.

Ya cire hula ya daɗe yana kallon cikinta. Tumaki suna ta ture masa bokiti bai kula ba.

Ya ce, "Ya fi abin da ya kamace ni. Tafi gida, uwarki na jira."